Janyewar ruwan Kainji: abin da take yi wa jirgi da kifi a ƙasar Yauri

Wanda bai san ƙasar Yauri ba zai ɗauka tafkin Kainji, wanda ya taru a bayan madatsar da aka gina a kan kogin Neja, yana bin tsarin sauran ruwayen Arewa, ya cika da damina ya janye da rani. Ba haka abin yake ba. A watan Janairu, lokacin da gulbin Ka da gulbin Zamfara suka koma rairayi da 'yan kududdufai, ruwan da ke gaban garin Wara, a bakin tafkin cikin ƙasar Ngaski, a cike yake maƙil. A Yuli kuwa, damina ta kankama, gero ya rufe ƙasa, a sannan ne tafkin ke gangarawa zuwa ƙarshen janyewarsa, har mai kaya ya taka laka mai nisa kafin ya isa inda jirgi ke tsaye. Daga wannan saɓani yawancin wahalar masunta da masu fito take tasowa. Shi ne kuma abin da ba a tada zancensa duk ranar da jirgi ya kife, manya suka zo jaje, aka raba rigunan ruwa, aka watse.

Tushen saɓanin yana can nesa da Kebbi. Kogin Neja ambaliya biyu yake kawowa a shekara. Ta farko ruwan saman yankinmu ce, wanda ke sauka a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da kudancin Nijar da arewacin Benin, ya bi gulbin Sakkwato da Rima da ƙananan rafuka ya faɗa kogin daga Agusta zuwa Oktoba. Yana zuwa da laka da ƙasar gonaki, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini a wannan daminar, sai dai hanyarsa doguwa ce. Sai ya ratsa Mali, ya bazu a babbar fadamar da ke wajen Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya yana sauke lakarsa, sannan ya wuce Yamai ya shigo Najeriya ta wajen Lolo. Ba ya isowa sosai sai Disamba, ya kai ƙarfinsa wajen Janairu da Fabrairu, a tace. Shi ne baƙin ruwa. Farin ruwa ke cika tafkin, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike har sanyi ya wuce.

Daga Maris abin da ke shigowa yake fara raguwa, abin da ke fita kuwa ba ya raguwa, domin don wuta aka gina Kainji. An fara aikin a 1964, aka tare kogin a 1968, daga baya injunan suka kai 8 masu ƙarfin megawat 760, ko da yake gurbin 12 aka yi. Tafkin da ya taru ya haura kilomita 130 a tsawo, in ya cika yana rufe kimanin murabba'in kilomita 1,270, yana ɗauke da ruwa kusan kubik mita biliyan 15. Injuna suna sha dare da rana a watannin zafi. Madatsar Jebba da ke ƙasa ita ma da abin da Kainji ta saki take aiki. Rana da iska suna ɗauke nasu kason. Ban da wannan, masu kula da madatsa suna so farin ruwa ya tarar da wuri a buɗe, don in ya iske tafkin a cike, dole a buɗe ƙofofi a sake shi a kan mutanen da ke ƙasa. Saboda haka tsakanin cikar tafkin da ƙarshen janyewarsa, wanda yakan faɗo wajen Yuli zuwa Agusta, ruwan kan sauka kimanin mita 10 a tsaye. Wannan ba fari ba ne da ya faɗo ba zato. Haka aka tsara madatsar ta yi aiki tun ranar da aka zana ta a takarda.

Mita 10 a jikin bangon madatsa, inda zurfin ya kai wajen mita 60, tabo ne kawai a kan siminti. Amma in aka haɗa tafkin gaba ɗaya, matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 11 zuwa 12 ba, kuma inda ya fi baje da rashin zurfi shi ne tsakiya da arewa, gaban Ngaski da Yauri. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya, saukar mita ɗaya tana iya mayar da gaɓa baya da ɗaruruwan mita. Ana juya injin a can kudu, wutar ta bi waya ta tafi birane, lakar kuma a bar wa mutanen Kebbi da 'yan'uwansu na Agwara da Borgu a ɗaya gaɓar.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan nan ba fili ba ne, ƙasa ce da mutane suka zauna a kai. An tashi mutum kimanin 44,000 kafin ruwa ya hau. Aka bar tsohuwar Busa, aka bar tsibirin Foge da gunguna, wato ƙananan tsibiran da Gungawa suka daɗe suna noma da kamun kifi a kansu. Duwatsun Busa, inda Baturen nan mai binciken kogin Neja, Mungo Park, ya hallaka a 1806 bayan ya wuce Yauri, ba su je ko'ina ba, ruwa ne ya rufe su. Sai kuma itatuwa. An share wasu wurare kafin a tare kogin, amma daji mai yawa a tsaye ruwa ya same shi. Rassan sama sun ruɓe sun kakkarye tuntuni. Gindin da ke kwance cikin ruwa kuwa, inda iska ba ta kai masa, ba ya saurin ruɓewa. Fiye da shekara 50 ke nan kututturan suna nan daram.

In tafkin ya cika, jirgi na wucewa ta samansu da tazarar mita da yawa, matuƙi bai ma san da zamansu ba. In ya janye ƙarshe, suna fitowa fili, a gan su a kauce. Mugun lokacin shi ne na tsakani, sa'ad da kan kututture yake taƙi ɗaya ko kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Kowane kututture yana da irin wannan lokaci sau biyu a shekara, ruwa na sauka da kuma ruwa na hawa. Na biyun ya fi muni, saboda farin ruwa ne ke hawa, gurɓatacce, ko hannunka ka tsoma ba ka ganin yatsunka. Jirgin da ya kife a farkon Satumban 2025 a wajen Gausawa cikin ƙasar Borgu, ɗauke da masu zuwa ta'aziyya, kututture ya daka, kuma a daidai lokacin da ruwa ke komowa ne.

Jiragen fito na wannan yanki na katako ne, dogaye, an haɗa su da ƙusa an toshe tsagoginsu, da inji a baya, yawanci Yamaha. Jirgin da babu kaya yana iya bi ta kan kututture lafiya lau da safe, ya dawo da yamma da buhunan masara da babura da mutum ɗari, cikinsa ya ƙara nutsewa da taƙi biyu, ya same shi. Tsohon katako kuma ba hujewa yake yi ba, tsagewa yake yi ta tsawonsa. Shi ya sa ake yawan jin an ce jirgi ya rabe biyu, mutane suka tsinci kansu a ruwa kafin su gama salati.

Hukuma takan ce lodi ne ya yi yawa, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ya kamata a tambayi me ke sa lodin yin yawa a wannan lokaci musamman. In ruwa ya cika, matuƙi yana yanke hanya kai tsaye ta kan gungun da ya nutse. In ya janye, dole ya koma bin tsohuwar hanyar kogin da lanƙwasarta da zagayenta. Tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, kuɗin fito kuwa ba ya iya bin sa a guje, domin fasinjan manomi ne da 'yar kasuwa mai kwando biyu. Ƙananan mashigai da yawa sun bushe, sai mutanen ƙauye uku ko huɗu su taru a wuri guda, ranar kasuwa guda, jirgi guda. In matuƙi ya ce ya cika, waɗanda suka taka laka da kaya a kai ba za su koma gida ba. Za a haɗa shi da Allah da Annabi, wannan ta ce ita gwaggonsa ce, wancan ya tuna masa da abotarsa da mahaifinsa. Shi kuma ya san sawu biyu asara ne, sawu ɗaya da lodi ne ke fitar da kuɗin mai da na mai jirgi. Ga hanyar mota ta lalace, ga 'yan bindiga, tun ma bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, har mutane da yawa suka ga ruwa ya fi daji aminci.

A kan duk wannan sai hadari. Watannin da ruwa ke sauka su ne watannin guguwar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas cikin ɗan lokaci. Tsakiyar tafkin ta haura kilomita 20 a faɗi in ya cika, ko ya janye ma akwai filin da iska za ta yi gudu. A ruwa marar zurfi igiyar ruwa gajera ce mai tsini, tana zuwa kusa da kusa, tana dukan jirgi kafin ya miƙe daga ta farko. Jirgin da tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce tafin hannu ba, igiya uku sun ishe shi. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ya nufi Wara, ya nutse a hanya. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta ce mutum kusan 180 ne a ciki, waɗanda aka ceto ba su wuce wajen 20 ba. Tsohon jirgi ne, an yi masa mugun lodi har da babura, kuma watan Mayu ne.

Kada dai a ɗora wa janyewar ruwa komai. Jirgin da ya kife kusa da Yauri a farkon Oktoban 2023, ɗauke da 'yan kasuwa daga ɓangaren Agwara, a lokacin ruwa mai yawa da ƙarfi ya kife. Cikar ruwa ma tana da nata mugun hali. Bambancin shi ne haɗarin cika kowa na ganinsa da idonsa ya ji tsoro, na janyewa kuwa a ɓoye yake, ruwan a kwance lumui.

A da abin da ke tsare mutane sani ne. Tsofaffin Sarkawa da Gungawa da suka yi ƙuruciya kafin 1968 sun san ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan da ƙafarsu. Sun san inda tsohon kogi ya bi, inda kurmi yake, inda dutse yake, suna auna hanya da tsauni ko da wata kuka a gaɓa. Waɗannan sun kusa ƙarewa. 'Ya'yansu sun gaji wani abu, amma mai tuƙi da filafili ko sanda yana jin ƙasa a hannunsa, mai inji kuwa sai farfela ta daki abu yake sani. Yanzu kuma duk wanda ya samu kuɗin inji ya ba yaro ya zama matuƙi. Rairayi ma ba ya zama wuri guda: inda kogi ya shigo tafki ya rage gudu, nan yake zubar da abin da ya ɗauko, kuma wannan wurin shi ne ɓangaren Yauri. Hanyar da aka bi bara tana iya zama tudu bana.

Ga masunta, janyewar ruwa kan zo da fara'a da farko. Kifin da ya bazu a fili mai faɗi ya matsu wuri kaɗan. Daga ƙasa ma a matse yake, domin a watannin zafi ruwan sama mai ɗumi ba ya cakuɗuwa da na can ƙasa, sai na ƙasan ya rasa iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya tattaro sama. Birgi, ragar jifa, yana kamawa; kalli, ragar da ake kafawa a ruwa, yana kamawa; mamari, igiya mai jerin ƙugiyoyi, yana kamawa. Amma da yake kowa na kamawa, farashi a kasuwar Yauri faɗuwa yake yi, kuma banda da jiƙaƙƙen ice cikin damina ba ta yin kyau, kifin ya yi saurin ƙwari. Mai sarin da zai loda kwalaye zuwa kudu shi ke cin ribar wannan yalwa, musamman in shi ya ba masunci bashin raga tun farko.

Babbar ɓarnar ba a kasuwa take ba. Yawancin kifin kogin nan, tarwaɗa da ramboshi da falia da ƙurungu da bargi, da farkon damina suke cika da ƙwai, suna jiran ruwa ya hau ciyawa su shiga su zuba. Wato watannin da suka fi sauƙin kamuwa su ne watannin da suke ɗauke da kifin baɗi. Kowace mace mai bandar kifi ta san lokacin da take fasa ciki ta tarar da ƙwai dam. Karfasa kuma a ruwa marar zurfi take haƙa gurbinta, in ruwa ya sauka da sauri sai gurbin ya tashi a tudu. Nan ne saurin sauka ya fi zurfin sauka illa: mita ɗaya a wata daban, mita ɗaya a mako daban.

Sai batun dala. Doguwar raga ce, mai ido ƙanana irin na gidan sauro, a zagaya da ita da jirgi, ƙarti su ja ta zuwa gaɓa. Ba ta aiki sai da gaɓa mai laushi, shimfiɗaɗɗiya, marar ciyawa da kututture, kuma irin wannan gaɓar ce janyewar ruwa ke buɗewa. Warangi ake nufi da ita, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu, kuma warangi ba ya girma ya wuce haka, kama shi ba laifi ba ne. Laifin shi ne raga ba ta tambayar kifi sunansa. Cikin abin da aka shanya akwai 'ya'yan giwan ruwa da na falia da na karfasa, waɗanda ko tsawon yatsa ba su kai ba. Giwan ruwan da in an bar shi zai yi nauyin rago, an sayar da shi a cikin mudu.

Alƙaluman da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa da abokan aikinta suka tara suna ba da labarin nan a taƙaice. A 1971, tafkin yana sabo, dajin da ruwa ya cinye yana ruɓewa yana ciyar da kifi, an kama kimanin tan 28,000, falia ce kan gaba. Zuwa 1978 abin ya faɗo ƙasa da tan 5,000. A 1996 ya haura zuwa wajen tan 38,000, amma kaso mafi girma na wannan hawan daga dala ya fito. A 2001 ya koma wajen tan 13,000. Wanda ke son ya ce kifi ya ƙare sai ya ɗauki lamba ta ƙarshe ya yi ta kururuwa, alhali wani ɓangare na faɗuwar hana dala ne ya kawo shi, tunda warangin da ba a kama ba ba ya shiga lissafi. Abin da ya fi lambobin nuna gaskiya shi ne idon raga. Masunci da yatsa yake auna shi, kuma duk wanda ya daɗe a ruwan zai gaya maka cewa mai yatsa huɗu ta koma mai uku, mai uku ta koma mai biyu. Raga ba ta ƙanƙancewa sai kifi ya ƙanƙance.

An taɓa gwada gyara, kuma ya kama. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya yi aiki a tafkin: aka ƙidaya jirage da raguna, jihohin Kebbi da Neja suka yi dokar kamun kifi, aka sa inci 3 a matsayin mafi ƙanƙantar idon kalli, aka fito da lasisi, aka hana dala kafin ƙarshen shekarun. Abin da ya sa ya yi tasiri ba 'yan sanda ba ne. An bi ta fadar Yauri da ta Borgu, aka sa sarakunan ruwa a gaba, maganar ta zama ta gida. Da kuɗin shirin suka ƙare, jirgin sintiri ya rasa mai, dala ta dawo a hankali. Masu cewa masunci ba ya jin doka su dubi Matan Fada a Argungu, inda ake hana su a wani yanki na gulbin har sai an buɗe ranar biki, kuma ana kiyayewa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana. Masunci ma na ganin mai doka, ya san wanda zai dawo gobe da wanda ya zo ɗaukar hoto.

Ƙasar da ruwa ya bari ba ta zama ba mai ita ko na kwana ɗaya. Manomi na binta a baya da irin shinkafa da masara, Gungawa kuma sun shahara da albasa tun kafin madatsa. Makiyayi na gangarowa saboda burugu, ciyawar da ke tsirowa a danshin, wadda babu kamarta ga shanu a lokacin da daji ya bushe. Masunci shi ma burugun yake so, amma a tsaye, domin in ruwa ya komo ciyawar na tashi tare da shi ta zama mafakar 'ya'yan kifi. Mutum uku, ciyawa ɗaya. Manomi ya share ta ya fesa magani, maganin ya jira ruwa. Mai yanka ya yanke ya kai kasuwa. Wani masuncin ma da kansa yakan kewaye ta da raga ya yanke ya kwashe abin da ke ciki. A bakin ƙoramun da ke tsiyayewa daga fadama kuma sai a kafa dumba, shinge daga gaɓa zuwa gaɓa da gurar Mali, wato tarkon kifi, jere, duk kifin da ke komawa babban ruwa ya faɗa, babba da yaro. Masu zuba guba a kududdufan da suka yanke ba su da uzurin da za a saurara.

A Zamfara labarin ya juya. Madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, don noman rani aka gina ta, kuma ba ta da wani baƙin ruwa da zai zo mata daga Gini. Kubik mita miliyan 450 take ɗauka, ƙasa da kashi ɗaya cikin talatin na Kainji. Da damina take cika, a yi ta zuƙarta duk rani ana ba shinkafa, ta kai ƙarshen janyewa gab da saukar ruwan sama. Masuncin Bakolori da manomin da ke ƙasan madatsa ruwa guda suke ja, kuma in aka zo rabo, gona ce ke da takarda. Kowace damina kuma gulbin na shigo da rairayi daga gonakin da aka share, ya kwanta a gindin tafkin, don haka ko an ce ya cika, cikar yau ba ta ɗauke da ruwan cikar da. Masuntan da ke ƙasa, a fadamun da ambaliya ta daina kaiwa yadda ta saba, su suka fara ɗanɗana asarar tun shekarun farko.

Kainji ma ba ta da tabbas a kan baƙin ruwanta. Kogin ya ratso ƙasashe kafin ya iso mu, kowace da nata buri. Mali na ɗiba a Markala don noman rani, Nijar ta fara gina madatsar Kandaji a sama da Yamai. A Yunin 1985, cikin babban farin nan, kogin ya tsaya cak a Yamai. Duk shekarar da baƙin ruwa ya zo da rauni, tafkin kan fara sauka da wuri ya kuma sauka ƙasa da inda ya saba, kututturan da matuƙan yau ba su taɓa gani ba su matso kusa da cikin jirgi. Akwai hukumar ƙasashe 9 da ke kula da kogin, mai hedikwata a Yamai, amma muryar mai fito na garin Zamare a ƙasar Yauri ba ta kai can.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk wannan sananne ne tun kafin ya faru. Kamfanin Mainstream, wanda ya karɓi tafiyar da Kainji da Jebba a 2013, yana auna tsayin ruwan kullum, domin da shi yake lissafin wutarsa. Lambar tana nan a rubuce. Ana yin shela in za a saki ruwa saboda mutanen ƙasa, kuma daidai ne, amma mutanen sama su ma suna da haƙƙin a gaya musu cewa ruwa zai sauka kamu kaza a mako biyu masu zuwa. Sanda mai fenti a Yelwa da Zamare da Wara, da sanarwar rediyo da Hausa gabanin ranar kasuwa, ba su kai kuɗin motar jaje ɗaya ba. Da wannan matuƙi zai san ranar da zai bar yanke ya koma tsohuwar hanya, manomi ya san ko shinkafarsa za ta nuna kafin farin ruwa ya cim mata, sarkin ruwa kuma ya samu abin da zai ɗaura hanin su a kansa: in ruwa ya sauka ƙasa da jan fenti, a naɗe dala da dumba har ya hau ciyawa. Hanin da aka ɗaura wa kalanda yakan saɓa da ruwa, domin ruwan bana ba na bara ba ne.

Rigar ruwa tana da amfani, haka ma hana tafiyar dare da NIWA ta yi. Sai dai riga ba ta hana jirgi tsagewa. Bayan abin da ya faru a Wara, hukumar HYPPADEC, mai kula da raya yankunan madatsun wutar lantarki, ta shiga aikin sare kututture a tafkin, kuma nan ne ake buƙatar a yi hattara sosai. Itacen da kansa ke waje alama ce da matuƙi ke gani daga nesa. In aka zo da zarto a lokacin da ruwa ke tsaka-tsaki aka yanke shi daidai fuskar ruwa, an cire alamar an bar makamin. Sara ba ta da amfani sai a ƙarshen janyewa, a Yuli ko farkon Agusta, a yanke daga gindi, a kuma ja guntun zuwa tudu kada ya koma yawo a ruwa. Kuma ba duk tafkin za a share ba. Hanyoyin fito kaɗai, waɗanda suka haɗa kasuwanni, a share su a kafa musu alama, ko da ganga ce aka ɗaure da sarƙa. Sauran kurmin da ke ƙarƙashin ruwa a ƙyale shi, domin shi ne wurin da dala ba ta iya shiga, kuma a can ne manyan giwan ruwa da ramboshin da suka rage suke fakewa su kai lokacin zuba ƙwai.